Amsa kan tafiya yawon shaƙatawa a jirgin ruwa da dokar takunkumi

Hajiya, kin tambaya ko dokar sa takunkumin fuska ta isa ta hana ki tafiya a jirgin ruwa da maigida da mahaifiyarki mai ciwon suga. Takunkumin shi ne mai sauƙi. A lokacin annobar korona, yawanci a lifta, zauren taro da wurin hawa jirgi ake nemansa, ana cire shi a ɗaki da lokacin cin abinci.

Abin dubawa shi ne cunkoso. A Fabrairun 2020 an killace jirgin ruwan yawon shaƙatawa na Diamond Princess a Yokohama ta ƙasar Japan da mutum kusan 3,700, fiye da 700 suka kamu da korona. Saboda Mama, ku ɗauki ɗaki mai baranda, ko da ya fi tsada, domin wanda gwaji ya nuna ya kamu a ɗaki ake kulle shi, kuma ɗakunan da ke can cikin jirgi ba su da taga. Kafin ku biya, kamfanin ya rubuto muku sharuɗɗan mayar da kuɗi idan aka hana mutum hawa. Asibitin jirgi kuɗi yake karɓa, masu yawa kuwa, don haka inshorar tafiya dole ce, wadda ta haɗa da kwashe majiyyaci zuwa tudu.

Ku sayi takunkumi samfurin KN95 tun daga Zariya, biyu a kowace rana ga kowane mutum, don wanda ya jiƙe da gumi ba ya tace iska sosai. Mama ta ga likitanta tukuna, ta riƙe maganin ƙarin mako biyu a jakar hannu. Idan sugan bai daidaita ba, a ganina ku ɗage tafiyar.