Abokina Na Son Mu Kama Haya Tare, Ni Kuma Albashina Bai Taka Kara Ya Karya Ba

Assalamu alaikum Gwaggo,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni saurayi ne ɗan shekara 27, mutumin Daura, aiki ne ya kawo ni Katsina. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashina naira 55,000, sai darasin yamma da nake yi wa 'ya'yan wani bawan Allah, yana ba ni 15,000 a wata. Tun da na zo nake zaune a shagon ƙofar gidan kawuna a Ƙofar Durɓi, ni da 'ya'yansa maza uku. Kawu bai taɓa nuna ya gaji da ni ba, matarsa ma tana zuba mini tuwon dare kamar kowane ɗa na gidan. Amma Gwaggo, zaman ya ishe ni. Ba ni da inda zan baje takardun yara in yi maki, in na sayi sabulu ko man shafawa kafin in waiga ya ƙare, rigata kuwa sai dai in hango ta a jikin wani ranar Juma'a.

Ina da aboki tun muna makarantar kwana, yana gyaran waya kuma yana da POS, ya fi ni samu nesa ba kusa ba. Shi ya samo wani gida ta hanyar Dutsinma, ɗaki biyu da falo da kicin, kowane ɗaki da banɗakinsa. Kuɗin hayar naira 450,000 ne a shekara, dillali kuma zai karɓi la'adar 45,000. Ya ce mu raba biyu daidai, kowa 247,500. Abin da na tara gaba ɗaya 140,000 ne. Da na faɗa masa sai ya yi dariya ya ce, "Haba, ni da kai har sai an yi wannan? Kawo abin da kake da shi, zan cika, in ka samu ka ba ni."

Abu biyu ne suke damuna. Na farko, mai gidan ya ce ba ya ba gwauraye haya, sai dillalin ya ce masa abokina aure zai yi, ni kuma ƙanensa ne da zan ɗan zauna kafin biki. Saboda haka da sunan abokina za a rubuta rasit. Gaskiya ne yana da wadda yake nema, manyansa har sun je gaisuwa, amma ya rantse mini auren ba yanzu ba ne, sai ya ƙara tara jari. Na biyu, gidan na buƙatar fenti da gyaran ƙofofi biyu, ya ce shi ma mu yi karo-karo.

Ina tura wa mahaifiyata 10,000 duk wata, ba kuma zan iya dainawa ba. Yanzu a ƙafa nake zuwa makaranta, in mun koma can sai na shiga Napep zuwa da dawowa, na ƙiyasta naira 600 a rana. Dillalin yana ta kira wai akwai wani da ke son gidan, in ba mu biya a wannan makon ba zai ba shi. Ina jin nauyin in ce wa abokina mu yi rubutu, kada ya ga kamar ban yarda da shi ba, alhali shi ne ma zai cika mini kuɗi. Ban kuma faɗa wa Kawu komai ba tukuna. Me kike gani, Gwaggo?

Ɗanki, daga Katsina.

Wa'alaikumus salam ɗana,

Son da kake yi ka samu ɗakin kanka ba laifi ba ne, namijin da ya kai shekarunka yana aiki ya cancanci ya rufe ƙofarsa ya san inda ya ajiye sabulunsa. Amma wannan gidan, a yadda ka zayyana mini shi, kada ka kama.

Ɗauko takarda da biro mu yi lissafin tare, tunda kai malami ne. Rabonka na hayar shekara 225,000 ne. Mai gida ba ya jiran ƙarshen wata, a dunƙule yake karɓa, saboda haka daga watan da ka shiga dole ka fara ajiye ta baɗi: 18,750 duk wata. Bashin abokinka 107,500 ne, in za ka biya shi cikin shekara, kusan 9,000 ke nan a wata. Hajiya 10,000. Napep, in ka yi kwana 22 kana zuwa aiki, 13,200. Haɗa su, ka ga sun tasam ma 51,000. Daga 70,000 ɗinka saura kimanin 19,000, wato naira ɗari shida da ɗoriya a rana. A cikinta za ka ci safe, rana da dare, domin tuwon matar Kawu ba zai bi ka hanyar Dutsinma ba. A cikinta za ka sayi ruwa, ka sa katin wuta, ka cika silindar gas, ka sa kati a waya. Ban ma sa fenti ba, ban sa katifa da labule da leda da tukunya ba, ban sa ranar da zazzaɓi zai kwantar da kai ba.

Ita kanta 70,000 ɗin daidai take da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, kai kuma sai ka haɗa aiki biyu kake kai ta. Ka kuma fi ni sanin halin makarantun kuɗi: wasu ba sa biyan albashin dogon hutu, iyayen yara kuma in an yi hutu sukan ce a dakata da darasin yamma. Ka tambayi kanka abin da ya shigo aljihunka a watan Agustan da ya wuce, da shi za ka auna, ba da watan da komai ya tafi daidai ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya zama haya ta biyu ga mai ƙaramin ƙarfi. Mutumin da ke taka ƙafa ya isa wurin aikinsa yana da wata dukiya da bai san yana da ita ba.

To, mu bar kuɗi mu zo kan abin da ya fi damuna. Wannan gidan na amarya ne, ɗana. Dillalin da kake ganin ya yi ƙarya, rabin maganarsa gaskiya ce. Wanda manyansa suka je gaisuwa ba shi ke da iko da ranar aurensa ba. Gobe iyayen yarinya za su iya cewa ya fito ko ya ba wani wuri, kuma ka san ba zai ce a jira hayar abokinsa ta ƙare ba. Ban ce yana da mugun nufi ba, wataƙila har zuciyarsa ya yarda auren da sauran lokaci. Amma saurayin da ke neman wurin kwana kawai ba ya zaɓen ɗaki biyu da falo da kicin, kuma ba ya damuwa da fenti. Ranar da mata suka zo jere, kai ne za ka naɗe katifarka, ga bashin 107,500 a wuyanka, ga fentin da ka sa kuɗinka amarya na ɗaukar hoto a jikinsa. Kuma ba za ka iya buɗe baki ba, don kowa zai ce abokinka na aure kana maganar kuɗi.

A wurin mai gida kuwa ba ka da suna. Wanda aka rubuta wa rasit shi ne ɗan haya. Shi ne in za a tashe shi doka ta tanadar masa notis, wanda ga mai biyan shekara-shekara yawanci wata shida ne in ba a rubuta wani abu daban a yarjejeniya ba. Kai an gabatar da kai a matsayin ƙane mai jiran biki, wato baƙo. In mai gidan ya ga wata shida, wata takwas, babu amarya sai samari biyu da abokansu masu zuwa kallon ƙwallo, zai gane an yi masa wasa da hankali, kuma kai zai fara nuna wa ƙofa. Masu gidaje da yawa a garuruwanmu suna ƙin gwauraye, wani lokaci da dalili, wani lokaci zato ne kawai. Maganin wannan shi ne ka je da babban mutum ya tsaya maka, Kawu ko shugaban makarantarku ko limamin unguwa, a ce wannan malami ne, ga inda yake aiki, ga iyayensa a Daura. Wanda ya ba ka gida a kan haka ba zai tashe ka don ba ka da mata ba.

Maganar dillali cewa akwai wani mai so, ka bar ta ta bi iska. La'adarsa ba ta fitowa sai kun biya, shi ya sa kullum akwai wani mai so.

Shawarata, in zama da abokin naka kake so, ku nemi ciki da falo ko ɗaki ɗaya babba a cikin gari, kusa da makarantarku, inda rabonka ba zai wuce abin da ke hannunka yanzu ba, har ka rage na katifa. Ka shiga gida ba bashi. In ya ce shi lallai sai wancan gidan, to ka samu amsar tambayar da kake jin nauyin yi masa. Sai ka yi masa fatan alheri, ka nemi ɗaki ɗaya naka a gidan haya, ko ka ƙara haƙuri a shagon Kawu na 'yan watanni kana zuba adashi. Akwati mai kwaɗo zai raba ka da rigimar riga da sabulu.

In kuma kun daidaita a kan wani gidan, ko ka ƙi jin maganata ka bi shi wannan, to batun rubutu ba a yin kunya a kansa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, ta ce in kun ƙulla bashi zuwa wani lokaci sananne ku rubuta shi, ku kafa shaidu. An faɗa wa Sahabbai haka, waɗanda suka fi ku yarda da juna. Ka lura da "lokaci sananne". "In ka samu ka ba ni" ba lokaci ba ne. Yau da daɗi ake faɗarsa, amma ranar da kuɗin lefe ya matse shi zai ga kamar ka samu tuntuni ka ƙi bayarwa, duk naman da ka saya sai ya ƙirga shi. Ka ce masa, "Abokina, akwai rai akwai mutuwa, mu rubuta don kada in na faɗi a rasa wanda ya san kana bi na." Babu mai hankalin da zai ji haushin wannan. Ku rubuta nawa ne, nawa za ka riƙa ba shi a wata, ranar nawa ga wata. Ka riƙa tura masa ta banki don alat ya zama shaida, kada ka miƙa masa a hannu a shagon POS inda kuɗi ke shiga suna fita.

A takardar nan ku sa cewa duk wanda zai tashi, ko zai kawo mata, zai sanar da ɗan'uwansa wata uku kafin lokaci, kuma za a mayar wa mai fita kuɗin watannin da bai zauna ba. Rasit ya fito da sunayenku biyu, daga hannun mai gidan kansa, a gaban shaida. Ku gan shi ido da ido kafin ku fitar da ko sisi, ku kuma je ku gaida mai unguwa ya san da zamanku. Gyaran ƙofa da fenti na mai gida ne, in ya ce ku yi, a rubuta cewa za a cire daga kuɗin haya. Kayan ɗaki kuwa kada ku yi tarayya a kan abu ɗaya. Kai ka sayi fanka, shi ya sayi silinda, kowa ya san nasa. Talabijin ɗin da aka haɗa kuɗi aka saya ba ta rabuwa biyu.

Kafin ku biya, ku koma gidan ba tare da dillali ba ku tambayi maƙwabta. Ruwan famfon da ke zuwa daga madatsar Ajiwa ba kowace unguwa yake kaiwa ba, to ku ji ko rijiyar gidan na ƙafewa da bazara, ku ji nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da jarka a watan Afrilu. Ku ɗaga kai ku dubi silin, in akwai tabon ruwa to yana yoyo da damina, ko an shafe shi da farin fenti za ku ga ya kumbura. Ku duba ko akwai mita mai kati, in babu ku ce a nuna muku takardar kuɗin wuta ta ƙarshe daga kamfanin KEDCO, kada ku gaji bashin wutar wanda ya tashi.

Sai ƙananan abubuwan da ke kashe abota, waɗanda Hausawa suka taƙaita da cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Ya fi ka samu, zai so cefanen da ya fi ƙarfinka, kai kuma ko ka bi shi ka karye ko ka riƙa ci kana jin kamar sadaka ake ba ka. Ku tsayar da abin da za ku haɗa, kamar shinkafa da mai da gas, ku sa adadin da kai za ka iya, sauran kowa ya ji da kansa. Ku yi maganar baƙi tun yanzu. Ɗan'uwa zai zo daga Daura ganin likita, yaron shagonsa zai rasa wurin kwana, kwana uku sai su koma wata uku in ba a sa iyaka ba. Kai kana tashi da asuba ka tafi aji, shi yana rufe shago da dare ya dawo da abokai, wannan ma abin faɗa ne kafin a ɗauki makulli.

Kawu kuwa, yau ɗin nan bayan sallar isha'i ka same shi. Mutumin da ya riƙe ka bai kamata ya ji labarin tashinka a bakin 'ya'yansa ba, kuma in Hajiya ta ji a Daura kafin shi, ka haɗa su rigimar da ba ka da maganinta. Ka yi masa godiya, ka ce kana neman wurin da za ka riƙa shirya darasi a natse, ka nemi ya sa baki. Dattijon da ya daɗe a Ƙofar Durɓi zai yi wuya a ce bai san wani mai ɗakin haya a kusa ba, kuma in ta hannunsa aka samu, babu la'adar dillali. Matarsa ma ka sayo mata ko turmin atamfa ne in hali ya yi, in bai yi ba ko sabulu da omo, kafin ka kwashe kayanka.

Ka sake rubuto mini in ji abin da abokin naka ya ce a kan ciki da falon.

Taka, Gwaggo.