Amsa kan zuba polima a ruwan bututu

Assalamu alaikum. To Malam, na saurari muryarka, kana cewa ta yaya abu mai yauƙi, wato sinadarin polima, zai sa ruwa ya ƙara gudu a bututu. Na gane inda ka dosa, kana zaton kauri ake ƙara wa ruwan. A'a. Abin da ake sawa bai taka kara ya karya ba, kamar giram 10 zuwa 50 a lita 1,000, da ido ba za ka ce an taɓa ruwan ba.

Ka ga, idan ruwa na gudu da ƙarfi, kusa da bangon bututun yana ta juyi yana hargitsewa, wannan hargitsin ne ke cinye ƙarfin injin da ke tura ruwan. Su kuma ƙwayoyin polima irin wadda ake kira PEO (polyethylene oxide) dogayen zare ne, sai su miƙe a cikin juyin su kwantar da shi. Wani mai bincike, Toms, ya ba da rahoton wannan tun 1948, kodayake shi ba a ruwa ya gwada ba, a wani sinadari ne. Gogayyar ruwa da bangon bututu tana iya raguwa da kashi 70 cikin 100, amma akwai iyakar da wani mai binciken, Virk, ya nuna, ko buhu ka zazzage ba za ta wuce ba. In kuwa ruwanka a hankali yake tafiya, ba hargitsi, asara kawai za ka yi.

Amma wallahi abin da ke ci min rai shi ne wurin zubawa. Inda na taɓa aiki, shugabanmu ya kafe sai a zuba a tanki, kafin inji. Na ce ranka ya daɗe, farfelar injin za ta tsinke zaren nan. Ya ce karatu ne ya yi min yawa. Aka zuba, ba a ga komai ba, ya rubuta cewa abin ƙarya ne. Ƙarya fa! A bututun Alaska tun 1979 aka fara amfani da polima, kuma bayan injin ake zubawa. To, na ɗanyen mai ne, ba ruwa ba, na yarda, amma 'yan kwana-kwana na New York ai a ruwa suka gwada, a mesar kashe gobara. Har yau mutumin nan bai... bari dai in bar shi.

Ka turo min faɗin bututun da litar da yake ba ka a minti ɗaya. In kuma ruwan sha ne, kada ka zuba komai tukuna.