Kwadi sun cika min lambu, wane magani zan fesa?

Wani dan uwa daga unguwar Aboabo a Kumasi, kasar Ghana, yana noman latas da kabeji a wajen Gyinyase, ya rubuto wai tun da ruwan Afrilu ya sauka kwadi suka cika masa kwami, ganye duk huji, ya zuba musu gishiri basu kare ba, yanzu yana so in fada masa maganin da zai saya a kasuwar Kejetia.

Malam kar ka sayi komai. Wannan tambayar duk damina sai ta dawo kuma amsar bata canzawa, kwado baya cin ganye, ko hakori bashi dashi. Wanda kake gani mai kaushin baya, mai gajerun kafafu, abincinsa tururuwa ne da gara da buzuzu da tsutsa, abu in baya motsi ma baya kallonsa. Ka dauki tocila bayan isha'i ka tsuguna a bakin kwami, zaka ganshi yayi shiru kamar hoge, kwaro na giftawa harshe fit, shikenan. Mai huda maka kabeji yana bayan ganye, juya ka gani, karamar tsutsa ce koriya, kuma ta riga ta saba da yawancin abinda kuke fesawa. Wato ka kashe lebura da baya karbar ko sidi daya ka bar barawon.

Shi kwado da fatar cikinsa yake shan ruwa, shi yasa gishiri ke kona shi, shi yasa kuma in ka wanke tankin feshi a ramin da kake dibar ruwa ka gama dasu. Duba ramin nan, in kaga bakaken kwai a jere cikin zare mai yauki kamar carbi, nasa ne, su zasu zama talibambam. Kwanaki naga wani yaro na dauraye tanki a irin wannan ramin, kuma da ruwan ake ban latas din da mutane zasu ci danye, haba jama'a.

Amma fa ban ce a je a kwaso kwadin wani wuri a zuba ba. A 1935 Ostireliya ta shigo da wani katon kwado daga Hawai don ya cinye kwaron rake, kwaron yana can sama, kwado yana kasa, bai yi aikin ba sai yaduwa, har yau gubarsa na kashe musu namun daji.

Hajiya daga Asawase tace karenta ya cafki kwado yana ta kumfa. Kullutun nan biyu na bayan idon kwadon ne ke fidda farin ruwa mai daci. Ki wanke wa karen baki da ruwa kansa na kallon kasa, in ya fara layi ko amai a kaishi likitan dabbobi.

Mai tambaya ko kwado na jawo maciji, eh, gamsheka na cinsa. Nome ciyawar gefen lambu, ka sa takalmin roba in zaka ban ruwa da asuba.