Maigida zai ƙaro aure: takardar gwajin amarya ta wadatar?

Tambaya: Likita, ni uwargida ce a Tudun Wadan Zariya, ina da ciki wata huɗu. Maigidana zai ƙaro aure, an kuma kawo takardar gwajin amarya, ba ta ɗauke da cutar ƙanjamau. In kwantar da hankalina?

Amsa: Hajiya, Allah ya raba lafiya. Takardar amarya ta yi, sai dai ban ji kin ambaci ta angon ba, alhali shi ne zai riƙa raba kwana tsakaninku. Mun saba ɗora ido kan amarya, musamman in bazawara ce, a bar namiji ba wanda ya tambaye shi komai. Ku ukun ya kamata a gwada.

Gwaji ɗaya kuma bai isa ba. Wanda bai jima da kamuwa ba, gwajin nan na tsaga yatsa zai iya nuna lafiyarsa lau, domin jiki kan ɗauki makonni, wani lokaci har wata uku, kafin alamar ta fito a jini. Sai a maimaita bayan wata uku.

Ba tsoratar da ke nake yi ba. A binciken ƙasa na 2018, mata 1.9 cikin ɗari masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da cutar, maza kuwa 0.9. Jikin mace ya fi saurin kamawa, haɗarin kuma yana ƙaruwa lokacin goyon ciki da shayarwa. Uwar da ta kamu a wannan tsakanin ta fi saurin sa wa jariri, saboda ƙwayar cutar tana da yawa a jini a farkon kamuwa. Don haka ko an gwada ki a awon farko, ki nemi a sake kafin haihuwa, a Asibitin Gambo Sawaba ko a asibitin koyarwa na Shika ko inda kike awo.

In maigida ya ƙi zuwa, ki gaya wa ma'aikaciyar awo. Akwai maganin rigakafi, PrEP, da mai lafiya ke sha kullum. In kuwa an samu wani da cutar, ba lallai a fasa aure ba: mai shan magani a kan kari har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin kwanciyarsa.