Ɗana ya kusa shekara 3 bai fara magana ba, an ce a yanke masa linzami

Tambaya: Salam Likita. Yarona saura wata biyu ya cika shekara 3 amma daga "mama" sai "baba", komai yake so sai dai ya nuna da hannu ko ya ja min zani. Yayarsa tun tana shekara 2 take surutu. Uwar mijina ta ce linzami ne, ranar Juma'a za a kai shi wajen wanzami. Yana wata 9 ya yi zazzaɓi mai zafi har aka kwantar da mu sati biyu. Wallahi ko barci bana iya yi.

Amsa: Wa'alaikumus salam Maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kar ki bari a kai shi Juma'ar nan.

Damuwarki tana kan hanya. Yaro ɗan shekara 2 ya kamata yana da kalmomi wajen 50 yana haɗa biyu biyu, irin "ba ni ruwa", a shekara 3 kuwa ko baƙo ya gane yawancin abin da yake faɗa. Toh kalma biyu a wannan shekarun jinkiri ne da sai an bincika, ba a ce ai namiji ne zai yi ba.

Maganar linzamin nan ta ishe ni wallahi, kusan kullum sai na ji ta. Linzami, wato ɗan siririn naman da ke riƙe harshe ta ƙasa, ba ya hana yaro koyon magana. Wanda yake da shi da gaske tun yana jariri ake ganewa, baya iya kama nono sosai, uwar tana fama da ciwon kan nono, in ya girma wataƙila "r" ko "l" su ba shi wahala, amma surutu zai yi har ki gaji. Magana ta kunne take shiga, ƙwaƙwalwa ta haɗa ta, harshe shi ne na ƙarshe. Yaron da ya iya cewa "mama" da "baba", yana lasar cokali yana zaro harshe, me kuma aska za ta kwance masa? Ƙarƙashin harshe akwai jijiyoyin jini, ɗaga naki a madubi ki gani. Na taɓa karɓar wani yaro da aka yi wa haka, tsumman da aka danne masa baki da shi ya jiƙe sharkaf, tafin hannunsa ya yi fari fat, sai da aka ƙara masa jini. Bayan ya warke muka gwada shi ashe baya ji ne, kuma daga ranar ko cokali aka nufo bakinsa da shi sai ya ƙwalla ƙara. Ga aska ɗaya da ta bi yara nawa, ciwon hanta da ƙanjamau duk ta nan suna iya shiga. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bayan an yanka sai a zauna jira wata shida, shekara, ana cewa harshe na saki, alhali lokacin da ƙwaƙwalwar yaro ta fi kama magana ne yake wucewa.

Ni zazzaɓin nan na wata 9 ne ya tsaya min. Sanƙarau da ƙyanda suna iya lalata jin yaro, haka wasu allurai irin su gentamicin. Kar ki ce ai yana juyowa in an buga ƙofa, yaro na iya jin ƙara mai ƙarfi amma baya tantance kalmomi. Yadda yake nuni yana jan ki zuwa abin da yake so ya kwantar min da hankali kaɗan, alama ce yana son isar da saƙo.

Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a yi masa gwajin ji, akwai na'urar da ake yi ko yaro na barci. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen, a Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Kafin nan ki rage ba shi waya, ki riƙa durƙusawa daidai fuskarsa kina faɗa masa sunan duk abin da ya nuna.

Uwar mijinki kuma kar ki yi musu da ita, don tana sonsa ne. Maigidan ya yi mata bayani, in ta yarda ku tafi asibitin tare. Ki nemo katin kwanciyar nan ki tafi da shi, likitan zai so ya san wace cuta ce da irin allurar da aka yi masa.