Ampli zai ƙara wa modem ɗina ƙarfi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Birni, nan Damagaram. Ƙanena ya dawo daga Faransa da modem irin mai aiki da kabul, tare da wani ɗan ampli, wato abin ƙara ƙarfin sigina, da ake ɗaura masa. Ni kuwa bokis ɗin 4G gare ni, rezo yana wahalar da ni cikin ɗaki. In na haɗa amplin nan da bokis ɗina, intanet zai ƙara gudu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka haɗa su. Ba don juna aka ƙera su ba, kuma kana iya lalata amplin a banza.

Modem ɗin da ƙanenka ya kawo yana aiki ne da tsarin da ake kira DOCSIS, inda kamfani ke jawo kabul mai zagaye irin na talabijin har cikin gida. Saƙo yana tafiya ta hanya biyu cikin kabul ɗin: mai saukowa yana bin manyan zanguna, mai komawa wurin kamfani kuma a Turai yana bin 5 zuwa 65 MHz. Amplin da bai bar wa saƙo hanyar komawa ba, toshe modem yake yi gaba ɗaya. Ko a can ɗin ma, masu gyara ba su cika son sa ba. Ana so ƙarfin da ke shigowa ya tsaya tsakanin -7 da +7 dBmV. In ya zarce, modem ya rikice kamar yadda yake rikicewa in ya gaza. Inda ampli ke da amfani shi ne gidan da aka rarraba kabul ɗaki-ɗaki, domin kowane marabi mai baki biyu yana cin kusan 3,5 dB. Nan ma a bakin shigowa ake sa shi, kafin a raba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ampli ba ya ƙirƙirar sigina. Abin da aka ba shi yake kumburawa, mai kyau da marar kyau. Ka miƙa wa mutum lasifika a tsakiyar Kasuwar Dole ranar Alhamis: muryarsa za ta ƙaru, amma hayaniyar ƴan kasuwa ma tare za ta shiga.

Bokis ɗinka ta iska yake magana da eriyar kamfani, kuma shi ma yana aika saƙo da ƙarfinsa, har kusan miliwat 200, wanda kan iya lalata amplin. A ma'aunin turjiyar lantarki da ake kira om, kayan talabijin 75 ne, na eriyar salula 50, wato ba su dace da juna ba. Zangunan 4G da dama, irin su 1800 MHz, sun wuce inda amplin kabul ke kaiwa.

Ni a ganina matsalarka bango ce. Gidajen Birni ginin ƙasa ne mai kauri, ga duwatsu, wani gidan kuma ga rufin kwano. Kafin ka kashe ko dala, shiga shafin bokis ɗin ta wayarka, adireshin yana rubuce a ƙasansa, ka nemi lambobi biyu. RSRP shi ne ƙarfin siginar: kusa da -80 yana da kyau, in ya gangara -110 ya yi rauni ƙwarai. SINR kuwa shi ne tsabtar siginar: sama da 13 lafiya lau, kusa da sifili akwai damuwa. Ka auna a ɗaki, ka auna a bakin taga, ka hau soro ka sake aunawa. Sau da yawa taku biyar kan canza komai.

In sama ta fi, kai bokis ɗin can, ka sauko da intanet ta kabul ɗin Ethernet, wanda ke kai mita 100 ba asara. Wannan ya fi jan doguwar wayar eriya, don siririyar waya mita 10 tana iya cinye fiye da rabin abin da eriyar ta kamo. Sai dai ka yi masa inuwa da wurin shan iska. Zafin Afrilu da Mayu ba ya barin na'ura lafiya. In eriyar waje za ka kafa, ka fuskantar da ita wajen eriyar kamfani, a kuma binne mata wayar ƙasa saboda tsawar damina. Wannan kada ka yi sakaci da shi, rai ake karewa.

Akwai masu sayar da na'urar maimaita rezon salula. Wadda ba a saita da kyau ba tana ɓata wa maƙwabta layi, kuma zangunan nan hukumar sadarwa ta Nijar, ARCEP, ke kula da su, don haka ka tuntuɓe ta ko kamfaninka tukuna.

In kuma lambobinka suna da kyau, amma gudun yana faɗuwa bayan sallar isha'i ya dawo da asuba, to cunkoson jama'a ne a kan eriya ɗaya. Ka ari layin wani kamfani wurin maƙwabci, in bokis ɗinka yana karɓa, ka gwada shi a daidai wannan lokacin kwana biyu ko uku, ka kwatanta.