Na Iya Kemistiri, Lissafi Kuwa Da Ƙyar: Wanne Zan Cike?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin ƙarshe a sakandare. Kemistiri ne darasin da na fi iyawa, lissafi kuwa lallaɓawa nake yi. Yayana ya ce in cike injiniyancin sinadarai a JAMB, wai shi ne kemistirin da ke kawo kuɗi. Me za ku ce? Daga wata ɗaliba a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Sunan ne ya ruɗi yayanki, kuma ba shi kaɗai ba. Kemistirin da ke cikin wannan kwas ɗan kaɗan ne, lissafi da fiziks su ne ƙashin bayansa.

Ga misali. A 1909 Fritz Haber, masanin kemistiri a Jamus, ya haɗa amoniya, wadda ake yin takin yuriya da ita, a cikin wata 'yar na'ura da ke kan tebur. Aikin ɗan kemistiri kenan: gano abin da zai haɗu da wani, da zafin da yake buƙata. Da Carl Bosch na kamfanin BASF ya zo zai mayar da abin masana'anta, sai bututun ƙarfen suka riƙa fashewa. Ashe iskar haidirojin ce, saboda tsananin zafi da matsi, take cinye kabon da ke cikin ƙarfen har ya yi gautsi. Sai ya shimfiɗa tattausan ƙarfe daga ciki, ya huhhuda bangon waje don iskar ta samu mafita. A 1913 masana'antar ta fara aiki. Wannan kuma shi ne injiniyanci.

Ki duba tukunyar tuwon biki, ai ta fi ta gida daɗewa ba ta huce ba. Idan aka ninka faɗin tanki da tsawonsa sau 10, abin da yake ɗauka ya ninku sau 1,000, amma bangon da zafi ke fita ta cikinsa sau 100 kawai. Haɗin da ya zauna lafiya a kwalbar gwaji yana iya tafasa ya yi ambaliya a tanki. Shekarun injiniya a irin wannan lissafin suke ƙarewa: zafi, matsi, gudun ruwa a bututu, abin da ya shiga da abin da ya fita.

A jami'o'inmu kemistiri shekara 4 ne, injiniyanci 5, har da horon masana'anta na SIWES. A JAMB, injiniyanci sai da Ingilishi, lissafi, fiziks da kemistiri, ba sassauci. Hukumar COREN ce ke yi wa injiniyoyi rajista, ICCON kuma masana kemistiri.

Batun kuɗi kuwa, matatar Dangote da kamfanonin siminti da na taki duka biyun suke ɗauka, injiniya a wajen injuna, ɗan kemistiri a ɗakin gwajin inganci. Haka NAFDAC da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON. Sai dai gaskiya, digirin kemistiri na farko shi kaɗai yakan tsaya a koyarwa ko gwajin kaya, mai son bincike sai ya ƙara na biyu.

Kafin ki cike fom, ɗauki tsofaffin tambayoyin JAMB na lissafi da fiziks na shekara 3, ki amsa da agogo a gabanki. In kin ga rashin bita ne kawai matsalarki, nemi injiniyanci a ABU Zariya ko BUK. In kuwa ranki ne ba ya so, cike kemistiri, domin a injiniyanci lissafin ƙaruwa yake yi kowace shekara.